IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI: SHIN SAKAYA SUNA RUFIN ASIRI NE?

Na san ka sha cin karo da irin wannan labari a shafukan tsegumi, wataƙila ma har a cikin wannan mujalla tamu: wai wata fitacciyar jaruma, wadda aka sakaya sunanta, aurenta ya mutu a makon jiya, doguwa ce, fara, ba haifaffiyar Kano ba, kuma ita ce ta fito a matsayin muguwar kishiya a wani fim da ya yi tashe bara. Marubucin ya ajiye bironsa, ya karkaɗe hannu, ya ce shi dai bai kama sunan kowa ba. Kuma da gaskiyarsa, ko kotu ka kai shi ba za ka iya nuna layin da ya rubuta sunan ba. To amma kafin la'asar, tun daga teburin mai shayi har gidan kitso, babu wanda bai san wadda ake nufi ba. Dogaye suna da yawa, farare suna da yawa, waɗanda ba 'yan Kano ba ma haka. Wadda ta haɗa siffofin nan duka kuwa, ita kaɗai ce.

Tambayar da nake so mu zauna a kanta a wannan wata ita ce: wa ya tona asirin baiwar Allahn nan? Marubucin da bai faɗi suna ba, ko mai karatun da ya harhaɗa zance ya gano? Kada ka ɗauka tambaya ce ta 'yan fim kawai. Ita ce ta shafe sama da shekara 40 tana hana masana kwamfuta barci, musamman a Amurka, inda aka riga kowa tara bayanan mutane a cikin na'ura. Abin da suka gano a can yana da darasi ga duk wanda aka taɓa ba ajiyar sirri, ko likita ne, ko ma'aikacin banki, ko ɗan jarida irina.

RUMBUN DA AKA HANA FAƊIN SUNA

Rumbun bayanai wani ƙaton kundi ne a cikin kwamfuta, kowane mutum da layinsa: sunansa, shekarunsa, unguwarsa, albashinsa, cutar da ke damunsa, da sauransu. Asibitoci suna da shi, bankuna suna da shi, haka hukumar ƙidaya da kamfanonin waya. Mai riƙe da irin wannan rumbu yana tsakanin haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin mutanen da ke ciki, cewa a rufa musu asiri. Akwai kuma haƙƙin jama'a, domin da waɗannan alƙaluma ne ake sanin inda annoba ta ɓulla, da inda ya kamata a gina makaranta, da maganin da ke aiki. In aka garƙame rumbun an cuci jama'a, in aka wangale shi an cuci masu sirri.

Sai aka ce to ga sulhu: rumbu ya riƙa ba da jimla, kada ya faɗi na mutum ɗaya. A ido wannan ya yi. Amma bari in buga maka misali. Ka ƙaddara wata ma'aikata ce mai mutum 40, tana da rumbun lafiyar ma'aikatanta. An kafa wa kwamfutar doka biyu: ba ta faɗin suna, kuma ba ta amsa tambaya a kan rukunin da bai kai mutum 5 ba. Sai wani mai neman sanin abin da bai shafe shi ba ya zo ya tambaya: a cikin ma'aikata 40, mutum nawa ke shan maganin ciwon hanta? Kwamfuta ta ce 7. Ya sake tambaya: to idan aka ware direbobin da suka haura shekara 50, a cikin sauran mutum nawa ke shan maganin? Kwamfuta ta duba, ta ga sauran mutum 39 ne, rukuni ne babba, doka ba ta hana ba, ta ce 6. Shi kuwa gogan ya san direba ɗaya tak ya haura 50 a ma'aikatar. Bakwai a ɗebe shida, saura ɗaya. Shi ke nan, asirin dattijo ya tonu, alhali kwamfuta ba ta karya ko ɗaya daga cikin dokokinta ba.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tun a 1979 wata masaniya mai suna Dorothy Denning da abokan aikinta biyu suka nuna da lissafi cewa a kusan kowane rumbu mai irin wannan doka, ana iya ƙera tambayoyin da kowaccensu halal ce, amma haɗuwarsu ta fitar da sirrin mutum guda. Ka ga ke nan ɓarnar ba ta cikin tambaya ta farko, ba ta cikin ta biyu. Tana tsakaninsu.

GWAMNAN DA YA YI ALƘAWARI

Kada ka ce ai lissafin allo ne kawai. A tsakiyar shekarun 1990, hukumar da ke kula da inshorar lafiyar ma'aikatan gwamnatin Jihar Massachusetts ta Amurka ta yanke shawarar ba masu bincike bayanan asibiti na ma'aikata da iyalansu, kimanin mutum 135,000. An goge sunaye, an goge adireshi. An bar ranar haihuwa, da jinsi, da lambar gidan waya ta unguwa, don mai bincike yana bukatarsu. Gwamnan jihar na lokacin, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa asirinsu a rufe yake.

Wata ɗaliba a jami'ar MIT, Latanya Sweeney, ta ji wannan magana ba ta gamsu ba. Ta san gwamnan a birnin Cambridge yake zaune. Sai ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin a kan dala 20, wadda doka ta halatta wa kowa ya saya. A cikinta akwai suna, da adireshi, da ranar haihuwa, da jinsi, da lambar unguwa. Ta aza kundin nan a kan wancan. Mutum 6 ne ke da ranar haihuwa irin ta gwamna. 3 daga cikinsu maza. Ɗaya kacal ke zaune a unguwarsa. A 1997 ta ciro bayanan asibitin gwamna, har da magungunan da aka rubuta masa. Tirƙashi!

Daga baya Sweeney ta yi lissafi da alƙaluman ƙidayar 1990, ta ce kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware kowannensu shi kaɗai da abubuwan nan uku. A 2006 wani masani, Philippe Golle, ya sake lissafin da ƙidayar 2000 ya samu kashi 63. Wasu kuma sun ce gano gwamnan ya zo da sauƙi ne don sananne ne, kowa ya ji labarin faɗuwar da ya yi a wajen wani bikin yaye ɗalibai a 1996 har aka kai shi asibiti. Duk an ji. Amma ko 63 ɗin ce, ai fiye da rabin ƙasa ke nan. Shi ya sa dokar sirrin marasa lafiya ta Amurka, wadda ta fara aiki a 2003, ta lissafa abubuwa 18 da za a cire kafin a ce an sakaya mutum, ciki har da rana da watan haihuwa da cikakkiyar lambar unguwa.

FINAFINAN DA KA KALLA SU NE SUNANKA

Yanzu ga wanda ya fi kusa da mu masu harkar fim. A watan Oktoba na 2006 kamfanin Netflix, wanda a lokacin babbar sana'arsa aika faifan DVD haya ta gidan waya, ya sa gasa: duk wanda ya inganta masa dabarar hasashen fim ɗin da mai kallo zai so, zai ba shi dala miliyan 1. Don masu gasa su samu abin gwaji, ya saki makin da masu kallo kimanin 480,000 suka ba finafinai 17,770, maki sama da miliyan 100, kowanne da ranar da aka ba da shi. An cire sunaye, an maye gurbinsu da lambobi. A nan ma babu ranar haihuwa, babu unguwa. Me ya rage da za a gane mutum da shi?

Ashe finafinan kansu sun isa. Masu bincike biyu a Jami'ar Teksas da ke Austin, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka lura cewa kowa yana kallon finafinan da suka yi tashe, amma kowane mutum yana da waɗansu 'yan tsiraru da ba kowa ke kallo ba, kuma su ne tambarinsa. Suka nuna cewa in ka san finafinai 8 da mutum ya ba maki, ko da ka yi kuskure a 2, kuma ka san ranakun ko da da kuskuren mako biyu, za ka iya ware layinsa a kashi 99 cikin 100 na lokuta. Kai, finafinai 2 ma kaɗai, in ka san ranakun da kusanci, sun isa ware kashi 68. Ina za a samo wannan ɗan sani? Daga hira a ofis ma ana samu. Su dai sun ɗauko daga IMDb, inda mutane ke ba finafinai maki a fili da sunayensu. Suka gwada da 'yan mutane kaɗan, suka dace da biyu. Ba su bayyana ko su wane ne ba.

Ka yi tunani, mai karatu. Mutum ya yarda duniya ta san ra'ayinsa a kan fim 8. Bai yarda ta san sauran ɗaruruwan da ya kalla shi kaɗai a ɗakinsa ba, waɗanda ke iya nuna aƙidarsa, da siyasarsa, da abin da zuciyarsa ke ɓoyewa. A ƙarshen 2009 wata mata mai 'ya'ya, wadda ta sakaya sunanta, ta shiga cikin waɗanda suka kai kamfanin ƙara, tana cewa bayanan suna iya fallasa wani ɓangare na rayuwarta da ta ɓoye. A watan Maris na 2010 Netflix ya soke gasa ta biyu da ya shirya. Amma bayanan farko sun riga sun shiga hannun dubban mutane. Magana zarar bunu ce.

TO, LAIFIN WA?

Mu saurari kowane ɓangare, don adalci.

Mai rumbu zai ce: ni ban faɗi sunan kowa ba, duk abin da na fitar gaskiya ne, kuma doka ta ba ni dama. In wani ya je ya yi ƙulle-ƙullensa, shi ya sani. Wannan ita ce hujjar marubucin tsegumi, kuma ni ban karɓe ta ba. Wanda ya ba ka ajiyar sirri bai damu da haruffan sunansa ba. Abin da yake tsoro shi ne a nuna shi da yatsa a kasuwa. In aka nuna shi, to abin da ya guda ya same shi, ko ta baki ɗaya zancen ya fita ko ta baki goma. Ka ƙaddara maigadi ne bai ba ɓarawo makulli ba, amma ya gaya wa wannan lokacin da maigida ke fita, ya gaya wa wancan tagar da ba ta kulluwa, ya gaya wa na uku ɗakin da ake ajiye kuɗi. Ranar da aka yi sata, wa zai ce maigadin nan ya riƙe amana?

Shi kuma mai harhaɗawa zai ce: ni tunani kawai na yi, yaushe amfani da hankali ya zama laifi? Nan ma akwai ƙanshin gaskiya. Ba a hana ido gani, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Wani abin ko ba ka nema ba za ka gane. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya faɗo maka da abin da ka fita farautarsa. Wanda ya tashi ya sayo kundi na biyu don ya aza a kan na farko ya gano cutar maƙwabcinsa, ya wuce tunani, ya shiga aiki. Wannan aiki shi ne malamai ke kira tajassusi, wato bin diddigin al'aurar mutane, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana shi tare da mugun zato da yi da mutum. Cewa kowane guntu a fili ka tsince shi ba ya wanke ka, kamar yadda tsintar makulli a hanya ba ya halatta maka buɗe ɗakin mutane.

Za ka ce to Sweeney fa, da su Narayanan? Ai abin da suka yi ke nan. Haka ne, hannu iri ɗaya ne, amma ka dubi inda suka kai abin. Ita ta zaɓi mutumin da ya yi wa jama'a alƙawarin, ta nuna masa a kan kansa cewa alƙawarin bai tsaya ba. Su kuma sun nuna ƙofa a buɗe take, ba su kwashe kayan ɗaki sun baza a titi ba. Mai gwada ƙarfin katanga don a gyara daban, mai haurawa daban.

Saboda haka Bahaushe ya riga ya yanke hukuncin: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowa da rabonsa na laifi. Sai dai ni a ganina kason mai rumbu ya fi nauyi, saboda dalili uku. Na farko, shi aka ba amana, ba ɓera ba. Na biyu, shi mutum ɗaya ne da za a iya yi wa magana ya gyara, ɓeraye kuwa ba su ƙirguwa. Na uku, abin da ya saki ba ya dawowa, kuma zai zauna yana jiran kundin da ba a ma rubuta ba tukuna. Bayanan da ba su gano kowa a yau suna iya gano kowa bayan shekara goma, ranar da wani ya saki ɗaya rabin.

ABIN DA ZA A IYA ALƘAWARTAWA

Amma kada mu ɗora wa mai rumbu abin da ba ya ɗaukuwa. A 1977 wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Suwidin, Tore Dalenius, ya ce burin da ya kamata a sa gaba shi ne: kada rumbu ya sa a san wani abu game da mutum wanda da ba za a sani ba in babu rumbun. Magana mai daɗin ji. A 2006 wata masaniya, Cynthia Dwork, ta nuna cewa wannan buri ba ya cimmuwa muddin rumbun yana da wani amfani. Ga dalili. Tun daga 1950 bincike ya fara tabbatar da alaƙar shan taba da kansar huhu. Daga ranar, duk wanda ya san kana shan taba ya san wani sabon abu game da lafiyarka, ko kana cikin waɗanda aka yi binciken da su ko ba ka ciki. Shin an tona maka asiri? A'a, ilimi ne ya ƙaru game da 'yan Adam, kai kuma ɗan Adam ne. In aka ce za a hana irin wannan, to an hana ilimi ke nan baki ɗaya.

Don haka alƙawarin da mai gaskiya zai iya yi maka ƙarami ne, amma mai cikuwa: shigarka cikin rumbuna ba za ta jawo maka wani abin da da ba zai same ka ba in ka ƙi shiga. Ta yaya ake cika shi? An gwada hanyoyi.

An gwada sa kwamfuta ta riƙa tuna tambayoyin da aka yi mata, in ta ga sabuwar tambaya za ta haɗu da tsohuwa ta fitar da sirri, sai ta ƙi amsawa. Matsalar ita ce mutum biyu suna iya raba tambayoyin a tsakaninsu. Kuma ƙin amsawar kansa yana iya zama alama. Shiru ma amsa ce.

An gwada ɓoye mutum a cikin taro. A 1998 Sweeney da Pierangela Samarati suka kawo dabarar a dusashe bayanai har sai kowane layi ya yi kama da waɗansu layuka da dama: a maimakon shekara 52 a rubuta tsakanin 50 da 60, a maimakon unguwa a rubuta ƙaramar hukuma. Ta taimaka. Amma in mutum 5 ɗin da aka ɓoye ka a cikinsu duk cuta ɗaya ke damunsu, ba sai an san wane layi ne naka ba, an riga an san ciwonka.

Sai a 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim suka tabbatar da wata gaskiya mai ɗaci: duk rumbun da ya amsa tambayoyi masu yawa da amsoshi masu kusanci da daidai, ana iya sake gina kusan dukkan abin da ke cikinsa daga amsoshin. Wato kowace amsa ta gaskiya tana gutsurar wani abu daga sirrin, kamar yadda kowane ɗiba ke rage hatsi a rumbu. Daga nan ne a 2006 Dwork da Nissim da Frank McSherry da Adam Smith suka fito da abin da zan kira dabarar sirki: a sirka kowace amsa da ɗan kuskure na ganganci, wanda aka auna shi da lissafi, ta yadda kasancewar mutum ɗaya ko rashinsa ba zai bayyana ba, amma hoton jama'a ya fito. Kuma a ƙayyade yawan abin da za a ɗiba, in ya ƙare a rufe.

Don ka gane yadda kuskure ke rufa asiri, ga wani salo na tsohuwar dabarar da Stanley Warner ya kawo a 1965. Kana so ka san mutum nawa cikin ɗalibai 1,000 suka taɓa satar amsa. Sai ka ce kowa ya juya baya ya jefa kwabo. In kai ya fito, ya faɗi gaskiya. In wutsiya ce, ya sake jefawa: kai ya ce e, wutsiya ya ce a'a. To duk wanda ya ce e, ba ka da ikon kama shi, don yana iya cewa kwabo ne ya sa shi. Amma kai ka san kimanin 250 kwabo ne ya sa su cewa e. In ka samu e guda 350, saura 100 ke nan daga cikin 500 da suka faɗi gaskiya, wato kashi 20 cikin 100. Ka san halin makaranta, ba ka san halin ɗan kowa ba. In da mai rumbun ma'aikatar nan ya yi irin wannan sirki, da bakwai a ɗebe shida ba ta gaya wa kowa komai ba.

KOWANE MAGANI DA ƊACINSA

Kada in yaudare ka, abin ba kyauta ba ne. Hukumar ƙidaya ta Amurka, wadda doka ta ɗora wa rufe bayanan kowane mutum har shekara 72, ta gwada kanta da kanta. Ta ɗauki jadawalin da ita ta wallafa daga ƙidayar 2010, ta sake gina layukan mutane daga cikinsu, ta haɗa da kundayen da 'yan kasuwa ke sayarwa. A 2019 ta sanar cewa ta tabbatar da gano kimanin mutum miliyan 52, kashi 17 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Saboda haka ta yi amfani da dabarar sirki a ƙidayar 2020.

Nan fa aka yi ca. Kuskuren da ba ya komai a birni mai mutum miliyan yana iya jirkita hoton ƙauye mai mutum 200. Ƙananan garuruwa da ƙabilun asalin Amurka suka koka, domin da waɗannan alƙaluma ake rabon kuɗi da yanka mazaɓu. Jihar Alabama ta kai ƙara a watan Maris na 2021, kotu ba ta ba ta abin da ta nema ba. Ka lura da wani abin tausayi: 'yan tsiraru su ne suka fi sauƙin ganowa in ba a sirka ba, su ne kuma alƙalumansu suka fi lalacewa in an sirka. Gaba kura, baya siyaki.

Lissafi yana iya gaya maka nawa za ka biya na daidaito in kana son kaza na sirri. Ba zai gaya maka nawa ya kamata ka biya ba. Wannan hukunci ne na lamiri, kuma bai kamata a bar shi ga injiniya shi kaɗai a ɗaki ba. Abin da na yaba wa hukumar nan shi ne ta fito ta faɗi cewa akwai ciniki, ta faɗi farashin, aka yi gardama a fili. Ya fi wanda zai ce maka kwantar da hankalinka, mun cire sunanka, alhali ya san zancen bai ƙare a nan ba.

MU DAWO GIDA

Mu ma rumbunan sun iso mu. An fara lambar BVN ta banki a 2014. Daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Doka abu ne mai kyau, amma darasin Amurka shi ne ana iya bin harafin doka tsaf a kuma tona asiri. Kuma a wurinmu abin ya fi tsanani, domin a garin da kowa ya san kowa, ba a bukatar rajistar masu zaɓe. Kundi na biyu yana cikin kan maƙwabta. In rahoton asibiti ya ce a ƙauye kaza an samu mace ɗaya mai shekara 19 ɗauke da cuta kaza, wallahi an gama faɗin sunanta, kuma abin da zai biyo baya yana iya zama mutuwar aure ko fasa baiko.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kai ne mai riƙe da kundi, a asibiti ko makaranta ko ofis, kafin ka miƙa wa kowa kada ka tsaya a kan ko ka goge suna. Tambayi kanka: in wanda ya san mutanen nan ya karanta, wa zai gane? Abin da ba ka bukata kada ma ka tambaya tun farko, don abin da ba ka ajiye ba ba ya zuba. In kai ne aka miƙa wa, ka ɗauki abin da ya kawo ka, ka kau da kai daga sauran. In kuma kai ne ake cika wa fom, ba rashin kunya ba ne ka tambaya me za a yi da shi, wa kuma zai gani.

Mu kuma masu biro, ni da abokan aikina, ya kamata mu daina fakewa da cewa mun sakaya suna. In labarin haƙƙin jama'a ne su sani, mu faɗe shi da hujja, mu ɗauki nauyinsa. In kuwa sirrin baiwar Allah ne da bai shafi kowa ba, to siffofi huɗun nan da muka jera sunanta ne muka rubuta da wasu haruffa, kuma Wanda zai tambaye mu ya iya karatunsu.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon rufa na wasu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.